Filastar Hutun Haihuwa: Mai Goyo Ta Dakata Tukuna



Tun da wayar hannu ta shiga ƙauyuka, labari ba ya kwana a hanya. Ƴan bida da ke Abijan, Legas, Aljeriya da Libiya suna aiko da hotuna da maganganu, wasu gaskiya, wasu kuwa ƙanzon kurege. Ta wannan hanya ne labarin wata ƴar filasta ya iso ƙasashen Madawa, Buza da Keita. An ce mace tana liƙa ta a jikinta, sai ta hana ta ɗaukar ciki, ba allura, ba haɗiyar ƙwaya. Mata suna tambayar malamansu a makarantun yaƙi da jahilci: shin gaskiya ne? Ina ake samunta?

Gaskiya ne, akwai ta, kuma tana aiki. Amma yawancin matan da ke neman hutu a wajenmu masu jego ne da masu goyo, kuma wannan filasta ba a yi ta domin mai shayar da jariri ba. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya fara riƙewa kafin a shiga bayani.

Mene ne wannan filasta?

Ƴar ƙarama ce, mai kusurwa 4, faɗinta bai kai santimita 5 ba. Ba ta da kauri. Wanda ya gan ta zai ce filastar rufe rauni ce, ko irin wadda ake liƙawa don ciwon baya. Ba su ba ce. Filastar ciwon baya ba ta hana ciki ko da an liƙa goma.

A ƙasar Amurka aka fara ba da izinin sayar da ita, a shekarar 2001. A 2002 ta shiga ƙasashen Turai. Sunan da aka fi gani a kan kwalinta a Faransa shi ne Evra.

A cikin dankon da ke riƙe ta a fata akwai sinadari iri 2, estrojin da projestin. Jikin kowace mace yana yin irinsu da kansa, su ne ke tsara zuwan al'ada da ɗaukar ciki. Idan an liƙa filastar, maganin yana ratsa fata kaɗan kaɗan, dare da rana, yana shiga jini. Sai ya hana ƙwan mace fitowa a wannan wata. Yana kuma sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri, har maniyyin namiji ya kasa wucewa. Inda ƙwai bai fito ba, babu ciki. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba ta mai da mace juya. Ranar da aka daina liƙa ta, jiki yana komawa yadda yake, mace tana iya samun ciki ba da daɗewa ba.

A taƙaice, aikinta ɗaya da ƙwayar da ake sha kullum. Bambancin shi ne, ita ana tuna ta sau ɗaya a sati.

Yadda ake aiki da ita

Ana liƙa guda 1, ta yi kwana 7, a cire, a liƙa sabuwa. Haka har sati 3. A sati na 4 ba a liƙa komai, a nan ne jinin al'ada yake zuwa. Da kwana 7 na hutun sun cika sai a liƙa sabuwa, ko jinin ya ɗauke ko bai ɗauke ba.

Ga misali. Mace ta liƙa ta farko ran Juma'a, 1 ga wata. Ran 8 ga wata ta sake. Ran 15 ta sake. Ran 22 ta cire, ta zauna haka. Ran 29, wadda ita ma Juma'a ce, ta liƙa sabuwa. Ranar ba ta canzawa. Shi ya sa ya fi kyau a zaɓi ranar da ba a mantuwa da ita, kamar Juma'a ko ranar kasuwar gari. Wadda ta iya rubutu sai ta sa alama a kalanda ko a littafinta.

Wuraren liƙawa su ne ɗuwawu, da mara, da damtse ta waje, da gadon baya ta sama. Ba a liƙa ta a kan nono ko kaɗan. Ba a liƙa ta a kan ƙurji, ko rauni, ko wurin da ke ƙaiƙayi. Fatar ta zama wankakkiya, busasshiya. A danna da tafin hannu a ƙirga 10, a bi gefenta da yatsa. Kowane sati a canza wuri, kada fata ta gaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi lissafi. Cikin mata 100 da suka bi ƙa'idarta daidai har shekara guda, wadda za ta yi ciki ba ta kai ko guda 1 ba. Amma idan aka haɗa da mantuwa da jinkiri irin na ɗan Adam, wajen mata 7 ne cikin 100 suke yin ciki.

Zufa, goyo da man shafawa

Waɗanda suka ƙera ta sun gwada ta a cikin ruwa, da ɗakin tururi, da wajen gudu, suka ga ba ta faye ɓallewa ba. Ana wanka da ita, ana aiki da ita. To, amma aikin matanmu daban ne. Mu duba macen ƙwarin Tarka a lokacin cirar albasa. Tun hantsi tana duƙe a fangali, ga yaro a baya, ga zane ɗaure tamau a ƙugu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce ma'auni 40. Ga daka, ga jan guga, ga itace daga dutse. Gadon baya wurin goyo ne, ƙugu wurin ɗaurin zane ne, duk wurare ne da ake gogawa daga safe zuwa dare. Wadda za ta liƙa ta, sai ta nemi inda zane da majanyi ba sa ci, kuma ta taɓa ta kowace safiya ta ji ko tana nan.

Lokacin ɗari kuma wata matsalar ce. Fata tana bushewa, mata suna shafa man shanu, ko man kaɗe, ko basilin. Filasta ba ta kama fatar da ke da maiƙo, haka ma hoda. Dole a bar wurin ba mai.

Idan ta ɓalle, kuma bai kai yini da kwana guda ba, a mai da ita in tana kamawa, ko a liƙa sabuwa, ranar canji tana nan yadda take. Kada a ɗaure ta da tsumma ko a ɗora mata wata filasta. Idan ta wuce haka, ko ba a san lokacin da ta faɗi ba, sai a liƙa sabuwa a fara ƙirga daga wannan rana. Cikin kwana 7 na farko miji ya sa kwaroron roba, ko su haƙura da juna.

Tsohuwar da aka cire tana da sauran magani a jikinta. A naɗe ta, danko kan danko, a binne nesa da rijiya, inda yara da awaki ba za su tono ta ba. Sababbin kuma a bar su cikin takardarsu a wuri mai sanyi. Zafi yana lalata magani. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum sayenta a hannun mai tallar magani a faranti, wanda kayansa suka yini a rana daga wannan kasuwa zuwa waccan.

Akwai wani kuskure da ya shafi gidajen ƴan bida. A Buza da Keita gidaje da yawa maigida yana tafiya bayan girbi, sai faɗuwar damina ya dawo. Wata za ta ce, bari in ajiye filastar sai daren da ya iso. Ba haka take aiki ba. Idan ba a farkon al'ada aka liƙa ta ba, sai ta yi kwana 7 a jiki kafin ta fara tsaro. Wadda ta ji labarin dawowar mijinta, ta je gidan likita tun da sauran lokaci, ko wace hanya za ta ɗauka.

Abin da ya sa mai goyo za ta dakata

Kowa a nan ya san kwanika. Mace tana shayarwa, ciki ya shiga. A yaye yaro ba shiri, a kai shi wajen kaka. Ya shiga zawo, ya rame, gashi ya yi ja. Da yawa daga yaran da ake kwantarwa a sashen tamowa irin wannan ne labarinsu. Uwar ma jininta bai gama dawowa ba, ga wani cikin. OMS tana ba da shawara mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta nemi wani ciki. Malamanmu kuma suna karantar da mu cewa Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara 2 cikakku ga mai son cika shayarwa.

Manomi bai buƙatar dogon wa'azi a kan wannan. Shi ne yake rage hatsi ya bar 3 a rami. Shi ne yake ba dashen albasa tazara, don ya san wadda ta cunkushe ba ta yin kai.

To, ga inda gizo yake saƙa. Sinadarin estrojin da ke cikin filastar yana iya rage ruwan nono. Jariri ɗan wata 2 ko 3 ba shi da abincin da ya wuce nonon uwarsa. A birnin Turai, in nono ya ragu, akwai madarar gwangwani da ruwan famfo mai tsabta. A ƙauyen da ke bayan Tamaske ko Karofan, in nono ya ragu, sai kunu da ruwan rijiya, daga nan sai zawo. Domin haka OMS ta ce mai shayarwa kada ta kusanci irin wannan magani a sati 6 na farko bayan haihuwa. Daga sati 6 zuwa wata 6 ma ba a son ta yi aiki da shi, matuƙar nono ne abincin yaron. Bayan wata 6, idan yaro ya fara cin abinci, ana iya duba maganar tare da unguwarzoma ta likita.

Akwai dalili na biyu. A kwanakin jego jinin mace yana saurin daskarewa a cikin jijiya, estrojin kuma yana ƙara wannan haɗari. Ko wadda ba ta shayarwa, ba a ba ta filasta kafin kwana 21 bayan haihuwa.

Ita shayarwar kanta tsaro ce, amma da sharaɗi 3, kuma dole su haɗu duka. Yaro bai kai wata 6 ba. Nono zalla yake sha dare da rana, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo. Al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya warware, tsaro ya warware. A nan ne mata da yawa suke ruɗuwa. Suna jin tunda yaro yana kama nono, ciki ba zai shiga ba, alhali tun ranar suna ake ɗura masa ruwa.

Sauran waɗanda ba ta dace da su ba

Maganar daskarewar jini ba wasa ba ce. A shekarar 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka ƙara gargaɗi a kan takardar filastar da ake sayarwa a can. An gano cewa estrojin da ke shiga jinin mai liƙa ta ya fi na mai shan ƙwayar da aka saba da wajen kashi 60 cikin 100. Ba kowace mace abin yake samu ba, kaɗan ne ƙwarai. Amma wadda ya samu, yana iya kai ta lahira, musamman in asibiti yana da nisa kuma damina ta yanke hanya.

Mai hawan jini kada ta liƙa. Hawan jini kuwa ba a ganinsa da ido, sai an ɗaura abin awo a damtse. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba a karɓar filasta daga hannun ƙawa ko daga cikin tsarabar ɗan bida. Haka wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko a huhu, da mai ciwon zuciya, da wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon hanta ko shawara mai tsanani, da mai ciwon dajin nono. Haka mai ciwon kai na ɓari guda wanda kafin ya zo take ganin walƙiya ko duhu a ido. Haka wadda ta kai shekara 35 tana shan taba.

Macen da nauyinta ya kai kilo 90 ko ya fi, filastar ba ta tsare ta sosai. Mai shan maganin tarin fuka, da mai shan wasu magungunan farfaɗiya, su ma haka, domin waɗannan magunguna suna rage mata ƙarfi. A faɗa wa ma'aikacin lafiya duk maganin da ake sha.

Ba ta kare kowa daga sida ko ciwon sanyi. Wannan aikin kwaroron roba ne. Ina faɗar haka da babbar murya saboda yawan tafiye-tafiyen mazanmu.

A watannin farko wasu sukan ji tashin zuciya, ko nono ya yi nauyi, ko ciwon kai kaɗan, ko ɗigon jini ba lokacinsa ba, ko ƙaiƙayi a inda aka liƙa. Yawanci suna wucewa. Amma in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko kai ya sara irin wanda ba a saba ba, ko gani ya dushe, ko hannu ya mutu, a cire filastar nan take a nufi asibiti. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya neman rubutu ko hayaƙi tukuna.

Abin da ke akwai a gidan likita

Filasta ba ta cikin hanyoyin da aka saba bayarwa a gidajen likita na gwamnati a karkararmu. A Faransa ma saye ake yi, kuma kuɗin wata guda yakan kai wajen jaka 10 na sefa. Ga hanyar da ba ta son yankewa ko na sati ɗaya. Wadda ta dogara da aike daga waje, ran da aike ya makara, kwanika tana bakin ƙofa.

Abin da muke da shi a kusa ba kaɗan ba ne. Tun 1988 dokar Nijar ta halatta hanyoyin tazarar haihuwa na zamani, kuma tun 2006 gwamnati ta ce a ba da su kyauta a gidajen likitanta. Wani lokaci kaya sukan yanke, wannan gaskiya ne, amma in wannan babu, akan sami wancan.

Akwai ƙwayar masu shayarwa, wadda ba ta da estrojin kuma ba ta taɓa nono. Ita tana son a sha ta kullum a lokaci guda, ba fashi. Akwai allurar wata 3, wadda mai shayarwa take iya farawa daga sati 6 bayan haihuwa, wato kusan lokacin da aka gama wankan jego. Tun 2014 aka kawo wani irinta mai ƴar ƙaramar allura, Sayana Press, da ake yi a ƙarƙashin fata. Cikin mata 100 masu allura, wajen 4 ne suke yin ciki a shekara, galibi saboda makara wajen komawa. Sai dai a sani, bayan an daina allura ciki yakan yi jinkirin wasu watanni, kuma al'ada takan rikice ko ta ɗauke. Wannan ba ciwo ba ne, kuma jinin ba taruwa yake yi a ciki ba.

Akwai ƴan sandunan nan kamar tsinken ashana da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse. Wasu suna rikita su da filasta, alhali ita a waje take, su kuwa a ciki. Implanon yana shekara 3, Jadelle shekara 5. Mai jego tana iya karɓa tun kafin ta bar ɗakin haihuwa. Cikin mata 1000, wajen guda 1 ce take yin ciki a shekara. Ba ruwansu da zufa, ba ruwansu da goyo ko man shanu, kuma ran da mace ta so haihuwa sai ta je a cire mata. Akwai kuma wadda ake sawa a cikin mahaifa, mai jan ƙarfe, da ke kai shekara 10. A ganina, ga macen da ke da jariri a baya da fangali a gaba, kuma gidan likita yana da tafiyar awa 2 a amalanke, waɗannan sun fi filasta nesa ba kusa ba.

Wadda filasta za ta yi wa amfani ita ce wadda yaronta ya wuce wata 6, aka auna jininta aka ga lafiya lau, tana da kantin magani na gaskiya a kusa, tana da kuɗin saye kowane wata, kuma haɗiyar ƙwaya kullum tana yi mata wuya. Irin wannan mace akwai ta a Tawa, da Ƙonni, da Yamai, har ma da cikin garin Madawa.

Kalma ga magidanta

Tsofaffin Keita suna tune da aikin gyaran ƙasa da aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. Da yake maza suna bida, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera don tare ruwa. Har yau haka gidajenmu suke, rani yana kan wuyan mata. Wanda ya bar wa matarsa gida, da awaki, da yara, na wata 7 ko 8, bai kamata ya bar mata maganar hutu ita kaɗai ba.

A shekarun baya an kafa makarantar mazaje a jihar Damagaram, daga baya ta bazu zuwa wasu jihohi har da Tawa. Magidanta suna zama da ma'aikatan lafiya suna tambaya ba kunya. Inda babu irin wannan zama, ƙofar CSI a buɗe take. Maigida ya raka iyalinsa ran awon yaro, ya ji bayani da kunnensa.

Wanda kuma ya riga ya sayo filasta a can inda yake bida, da kyakkyawar niyya, kada ya miƙa wa uwargida ta liƙa. Su ɗauki kwalin da takardar da ke ciki, da katin awon yaro, su kai wa unguwarzoma. Za ta duba ranar lalacewar maganin, ta auna jinin matar da nauyinta, ta tambayi watannin yaron, sannan ta faɗa musu ko a liƙa ko a ajiye.